Wayar da Na Binne a Buhun Gero

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan manta da makon da wayata ta mutu ba. 'Yar da nake goye da ita a lokacin yanzu har ta shiga makaranta, amma har gobe in na ga waya ta yi baƙi a hannun wani, sai gabana ya faɗi.

Tun kafin abin ya faru ina ɗauke da wani tsoro a raina. Maigidana ne ya saya mini wayar bayan na haihu, babba, irin wadda ake shafawa. Shi hatsi yake saye da sayarwa. Duk Laraba yake barin Ƙaura ya tafi Shinkafi, ya ci kasuwar Alhamis, ya dawo Juma'a da hantsi. Kowa ya san yadda hanyar nan take, don haka muka yi ƙa'ida, in ya sauka lafiya zai kira ni, ko da kalma biyu ce. Ranar da ya miƙo mini wayar abu ɗaya ya ja mini kunne a kai. Ya ce layin da sunansa aka yi masa rajista, da hotonsa da zanen yatsunsa, saboda haka kada in ba kowa aro. In wani ya kira mutanen daji, wato 'yan bindiga, da shi, ba ni za a zo a ɗauka ba, shi za a ɗauka.

A lokacin kuwa ba a hirar komai a unguwarmu sai ta masu kai wa mutanen daji rahoto. Ana cewa duk wayar da mutum ya yi akwai masu saurare, in sun ji abin da bai gamshe su ba sai su rufe layin, sannan su biyo mai shi har gida. Ban san gaskiyar maganar ba, har yau ma ban sani ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, ina karanta Hausa a hankali, Turanci kuwa sai dai in kalle shi. Amma maganar ta zauna mini daram. Ko waya nake yi da mahaifiyata sai in riƙa tauna abin da zan faɗa.

Akwai wata dattijuwa mai nono da take shigowa gidanmu daga wata ruga ta wajen Banga. Ni ina ce mata Inna, ita tana ce mini ƙawa. Sanadin shaƙuwarmu yaye ne. Da na cire yarinyar daga mama ta ƙi kunu, ta ƙi koko, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, ni kuma ba abin da nake yi sai kuka. Wannan matar ce ta zauna a kan turmina, ta dama fura mai laushi da kindirmo, ta riƙa lakata da yatsa tana sa mata a baki tana yi mata waƙa da Fillanci, har ta karɓa. Tun daga ranar, da yarinyar ta ji muryarta a zaure sai ta fara tsalle.

Inna ba ta da waya. Abin da take da shi wani ɗan guntun kwalin sukari ne da aka rubuta lamba a jiki, tana ƙulle shi a bakin zanenta. Lambar mijin 'yarta ce, wadda take aure can wajen Zurmi, tana da tsohon ciki. Sau biyu ta roƙe ni na danna mata lambar ta yi magana, sau biyun kuma ban gaya wa maigida ba. Ta yaya zan hana matar da ta ceto mini 'ya? Amma duk lokacin da na ba ta, sai na yini da tsinkewar zuciya.

Kusan mako guda kafin abin, wani farin akwati ya riƙa fitowa a fuskar wayar, da rubutun Turanci da wasu wuraren dannawa guda biyu. In na kawar da shi sai ya dawo. Ran Laraba da safe, bayan maigida ya fita, ya sake fitowa ya rufe mini hoton 'yata. Haushi ya kama ni, na danna shuɗin wurin don ya ba ni wuri. Ya ɓace, ba abin da ya faru, ni ma na manta da shi kamar ban taɓa gani ba. Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba.

Da hantsi Inna ta shigo, amma ba kamar yadda ta saba ba. Ba ta yi wa yarinyar wasa ba, ko nonon ma a tsaitsaye ta auna mini. Ta kwance bakin zane ta miƙo kwalin. Na danna mata. Wannan karon ba ta tsaya kusa da ni ba, sai ta koma bayan rumbu, ta juya mini baya, ta sassauta murya. Ta daɗe tana magana da Fillanci, ni kuma ina tankaɗe ina satar kallonta. Na ga tana nuni da hannu kamar mai kwatancen hanya. Da ta gama ta miƙo mini wayar, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita da sauri, har ta bar ludayinta a kan turmi.

Cajin ya yi ƙasa, sai na jona ta a ɗan solarmu na ci gaba da aikina. Can na leƙa, sai na ga fuskar wayar ta yi baƙi, ga wani ɗan zare yana tafiya a hankali kamar tururuwa, da lambobi a ƙasansa. Ban taɓa ganin haka ba. Ta kashe kanta, ta kunna kanta, ta sake kashewa. Da ta dawo, sandunan nan na sabis da suke can sama a kusurwa babu ko ɗaya, sai wani ɗan gicciye a wurinsu. Na ɗaga ta sama, na zagaya tsakar gida, na hau kan turmi. Shiru. Bayanta ya yi zafi kamar an ɗauko ta daga bakin murhu. Kafin la'asar ta mutu gaba ɗaya, na danna duk inda ake dannawa, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Lokacin kiran maigida ke nan. Na saɓa yarinyar a baya na shiga gidan maƙwabciyarmu, wadda nake ce wa Yaya. Tana suyar awara, gidanta ba ya rabuwa da mata, mijinta kuma yana cikin 'yan sintirin unguwa. Na tambaya ko an sake ɗauke sabis ne kamar yadda aka taɓa yi. Kowacce ta duba tata, sanduna a cike. Tawa ce kaɗai.

A nan ne na yi abin da ya fi komai damuna har yau. Ban ce Inna ta yi wani abu ba, Allah shaida ne. Cewa kawai na yi ni dai lafiya lau take, sai da mai nono ta yi waya da ita ɗazu.

Yaya ta ajiye matsamin da ke hannunta. "Mi kinka ce? Da wane yare ta yi maganar?"

Na ce da Fillanci.

"A gabanki?"

Na ce a'a, bayan rumbu ta koma.

Matan suka kalli juna. Sai Yaya ta matso ta yi ƙasa da murya, ta ce wannan ba lalacewa ba ce, rufewa ce, an ji abin da aka faɗa an kulle layin. Wata ta ƙara da cewa ai ko a kashe waya take suna ganin inda take. Wata kuma ta tambaye ni ko matar ta san ranakun da maigidana yake bin hanya. Ta sani mana, ni da bakina nake gaya mata. Nan take duk abin da na gani da safe ya sake kama a idona. Juya bayan, da rage muryar, da kwatancen hannun, da saurin fitar. Har alherin da ta yi wa 'yata sai da zuciyata ta ce mini wataƙila hanyar shiga gida ce take nema. Allah Ya yafe mini.

Yaya ta ce in cire layin in jefa a masai. Na koma gida da niyyar haka, amma na kasa, don ban san yadda ake buɗe wurin ba, kuma ina tsoron abin da zan gaya wa maigida. Sai na naɗe wayar a wata yagaggiyar leda, na kwance bakin buhun geron da ke ƙuryar ɗaki, na tura hannu har kafaɗa, na binne ta a can ƙasa. A tunanina gero zai tare duk abin da suke gani da shi. Yanzu in na tuna ina iya murmushi, amma a ranar ba abin murmushi ba ne.

Kafin magariba wani abokin maigida ya yi sallama a ƙofa, ya ce maigida ya kira shi, ya sauka lafiya, yana tambayar me ya sami wayata. Na ce a gaya masa ta lalace ne. Ban ƙara komai ba.

Kashegari Alhamis da hantsi na jiyo hayaniya a bakin lungu. Ƙofar zaurenmu ta kwano ce, tana da wata 'yar huda da tsatsa ta ci. Na sa ido. Inna ce a tsaye, mijin Yaya da wasu mutum biyu sun tare ta. Sun sa ta sauke ƙwarya a ƙasa, ɗaya ya ɗaga faifan yana leƙa ciki kamar a cikin nono za a ɓoye wani abu. Suka ce ta kwance bakin zanenta. Ta kwance, suka karɓe kwalin. Ina jin muryarta tana cewa lambar surukinta ce, 'yarta ce ba ta da lafiya. Da ta ga ba su saurara ba, sai ta nuna ƙofarmu.

"Ku tambayi ƙawata, ga gidanta nan. Ita ta san ni."

Dukansu suka juyo. Ni kuwa na janye idona daga hudar, na ja baya na manne da bango. Yarinyar da ke bayana ta gane muryar, ta fara zillo tana kiran nono, nono. Na sa hannu ta baya na rufe mata baki.

Ba su taɓa ta ba, amma sun tsayar da ita a rana ta daɗe, yara sun kewaye ta. Daga ƙarshe aka ce ta ɗauki kayanta, kada a sake ganin ƙafarta a unguwar. Kwalin kuma mijin Yaya ya sa a aljihu, wai za a bincika. Ranar yarinyar ba ta ci abin kirki ba, ni ma haka. Ludayin Inna yana nan a kan turmi, na kasa ɗauke shi, na kuma kasa kallonsa.

Ran Juma'a maigida ya dawo. Tun a bakin lungu aka tare shi da labarin, don haka da ya shigo fuskarsa ba annuri. Na durƙusa na faɗa masa komai, har aro biyun farko. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ina wayar? Da ya ga na kwance buhu na zura hannu, sai ya tsaya yana kallona kawai. Ya karɓa ya kakkaɓe ta, ya ce in da gaske nemansa ake yi, gara ya sani da ya zauna yana jira. Bayan an sauko daga masallaci zai kai ta wurin mai gyara. Na roƙe shi in bi shi, ya ce in ɗauko hijabina.

Mai gyaran wani magidanci ne mai furfura a gemu, rumfarsa tana kusa da tasha. Yana ganin wayar, tun kafin a yi masa bayani, ya jawo wani faranti daga ƙarƙashin tebur. Irin wayata ce sak a jere a ciki, kowacce da 'yar takarda a manne.

"Ga 'yan uwanta nan," in ji shi. "Hajiya, wani rubutu bai riƙa fito miki ba? Kinka danna?"

Sai a lokacin farin akwatin nan ya faɗo mini a rai.

Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce masu ƙera wayar ne suke aiko mata da sabon tsari lokaci zuwa lokaci, abin da ake kira afdet. In ka amince, takan jira sai an sa ta a caji sannan ta fara. Wannan na baya-bayan bai zauna wa irin wayar ba, sai ya ɗauke mata sabis, ta yi zafi, ta mutu. Tun farkon mako ake ta kawo masa su. Maigida ya tambaye shi ko ba rufe layin aka yi ba. Sai mutumin ya ɗauki ɗan tsinke ya zaro layin, ya sa a wata ƙaramar wayarsa mai madannai, ya kunna ya juyo mana da ita. Sanduna a cike. Yana buɗe tawa kuma ƙwayoyin gero suka zubo a kan tebur, ya ɗago ya kalle mu, ya ce wannan kam ko kaza aka ba ajiya sai haka. Ba wanda ya yi dariya a cikinmu.

Muna tsaye saƙonni suka fara shigowa, irin waɗanda suke nuna wanda ya neme ka bai samu ba. Na maigida ne a farko, sauran duk lamba ɗaya ce, ta kira ta sake kira tun yammacin Laraba. Na gane ƙarshenta, ni na sha danna ta. Maigida ya kira, ya sa yadda kowa zai ji.

Wani mutum ya ɗauka, muryarsa a dishe. Ya ce don Allah ko nan ne gidan da surukarsa take kai nono? Wannan lambar kaɗai suke da ita. Matarsa naƙuda ta kama ta tun Laraba, ta zo da gardama, da jini, a kan babur suka kai ta asibitin Zurmi. Ta haifi namiji, ya kwana ɗaya ya koma. Ita tana da rai, amma ba abin da take faɗa sai a kira mata innarta.

Ashe abin da Inna ta koma bayan rumbu ta rage murya a kai ke nan. Maganar jinin mace ce, wadda ba a yin ta da ƙarfi a tsakar gidan mutane. Kwatancen da na ga tana yi, hanyar asibiti take gaya musu. Ran Alhamis kuma ta zo ne don ta ji yadda aka kwana, muka karɓe mata lambar, muka kore ta.

Daga tasha maigida bai shiga gida ba sai da ya biya wurin mijin Yaya. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, amma ya dawo da kwalin a hannu, ya miƙo mini, ya ce ni na fara, ni zan kai.

Ran Asabar da safe na same ta a inda masu nono suke zama a bayan kasuwa, ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya. Sauran matan suna ganina suka yi shiru, na gane labarin ya riga ni zuwa. Na durƙusa a gabanta na ajiye ludayin da kwalin. Na fara da saƙon, don shi ya fi gaggawa. Ta saurara, ta yi salati, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Ta daɗe a haka. Sannan na faɗa mata sauran, ban rage komai ba, har leƙen da na yi ta hudar ƙofa.

Ta ce ta sani, ta ga inuwar ƙafafuna ta ƙarƙashin ƙofar.

"Ƙawa, da kin tambaye ni, ai da na gaya miki. Ba ki tambaya ba."

Na miƙa mata ƙaramar wayar da mai gyara ya ara mana, na ce ta kira. Ta dube ta, ta girgiza kai. Wata daga cikin matan ce ta karɓi kwalin ta tafi neman inda za a kira mata. Inna ta tattara kayanta, ta bar wa ta kusa da ita sauran nonon. Har ta ɗauki ƙwarya, sai ta dubi yarinyar da ke bayana tana miƙo mata hannu, ta tambaye ni ko tana cin abinci. Na ce ba sosai ba. Ta sake saukewa, ta cika mini kwanon da ban ma san na riƙo ba, ta ƙi karɓar komai, ta wuce tasha neman motar Zurmi.

Wayar an gyara ta, sai dai duk hotunan 'yata na jarirantaka sun tafi, ban kuma yi kukansu ba. 'Yar Inna ta warke, haka na ji. Inna kuwa ba ta sake taka unguwarmu ba. Nakan gan ta a bayan kasuwa, mu gaisa, ta tambayi yarinyar, amma ba ta ƙara ce mini ƙawa ba. Bayan damina biyu na daina ganinta, aka ce sun tashi.

Na bi gidajen matan da suke wurin suyar awara ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu gaskiya. Wasu sun yarda, wasu suka ce ai ba a sani ba dai. Bara ma a wajen wani suna na ji wata baƙuwa tana ba da labarin mai nonon da aka rufe layi saboda ita, har da ƙarin da ban taɓa ji ba. Abin da na koya ke nan. Waya in ta mutu akwai mai tsinken da zai buɗe ta ya gyara, amma rabin maganar da mai tsoro ya saki, wasu ne suke ƙarasa ta, kuma ba ta da rumfar gyara.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan abu biyu. In wayarka ta yi abin da ba ka gane ba, kai ta wurin mai gyara kafin ka kai sunan wani bakin mutane. In kuma ka taɓa jin wancan labari, a Ƙaura ne ko a Shinkafi ko a Zurmi, don Allah ka gaya wa wanda ya ba ka shi cewa daga bakina ya fito, kuma ba gaskiya ba ne. Matar nan 'yarta kawai take kira.